Ɗan siririn mazarin nan na bakin kududdufi

Duk wanda ya tashi a unguwar da ke da kududdufi ko kusa da fadama ya san mazari, wannan ƙwaron mai dogon jiki da fukafukai huɗu garai-garai kamar leda, da muke bi da gudu muna yara, wani har ya ɗaura masa zare a jela. Amma ba wannan babban nake so mu duba yau ba. Akwai ƙaninsa, ɗan siriri kamar allura, wanda ba ya tashi sama sosai, kullum yana cikin ciyawar bakin ruwa yana ɗan tsalle daga wannan kara zuwa wancan, kuma in ba ka durƙusa ba da wuya ma ka lura da shi. Tsawonsa gaba ɗaya bai wuce santimita 3 ba, wato tsinken ashana ma ya fi shi tsawo. Masana ƙwari suna kiransa Ischnura senegalensis, wani likita Bafaranshe mai nazarin ƙwari, Jules Pierre Rambur, shi ne ya fara bayyana shi a 1842, kuma daga sunan ƙasar Senegal aka ciro kashi na biyu na sunan. Sai dai fa ba ɗan Senegal kaɗai ba ne, yana kusan ko'ina a Afirka, ya ratsa ƙasashen Larabawa, Indiya, har ya dangana da Japan. Mu nan yana tare da mu a tafkuna, kududdufai, magudanan ban ruwa da gonakin shinkafa.

A Hausa duk mazari muke ce musu, amma gida biyu ne. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce ka jira ya sauka. Babban in ya sauka fukafukansa a buɗe suke zama kamar jirgin sama, shi kuwa siririn sai ya haɗe su wuri ɗaya ya kwantar a bayansa. Sannan ka dubi kai: idanun babban sun cika kan har galibi suna taɓa juna a tsakiya, na ƙaramin kuwa ɗaya na can gefe ɗaya na nan gefe, kan ya yi faɗi kamar guduma. Akwai wasu 'yan tsirarun sirara da ke barin fukafukai rabi a buɗe, amma namu na yau ba ya cikinsu. Kuma tun kafin mu yi nisa bari in cire wa masu tsoro tsoro, ba shi da ƙari, ba ya harbi, ba ya cizon mutum, dogon cikin nan da wasu ke ɗauka makami ne ba komai a ƙarshensa sai kayan haihuwa.

Namijin ne mai sauƙin ganewa. Ƙirjinsa baƙi ne da ratsin kore, dogon cikin baƙi ta sama ruwan ɗorawa ta ƙasa, sai can dab da ƙarshe ka ga wani ɗan shuɗi mai haske kamar an ɗiga fenti, a gaɓa ta 8 cikin gaɓoɓi 10 da cikin yake da su. Ranar da na fara zama musamman don in kalle shi, da hantsi ne bayan an kwana ana ruwa, a bakin wani kududdufi da ke bayan gidanmu, abin da idona ya fara kamawa wannan ɗigon shuɗin ne yana yawo a cikin ciyawa kamar shi kaɗai yake tafiya, sai da na ƙura ido sannan na ga sauran jikin. Ya zo ya tsaya cak a iska gaban wani ganye, ya kai cafka, ya koma kan kara yana tauna. Abin da ya ɗauko ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ke manne a ganyen. Haka yake farauta, ba ya bin abinci a sararin sama da gudu irin na babban yayansa, tsintar ƙananan ƙwari yake a jikin ciyawa, ƙananan ƙudaje, sauro da ya lafe, da 'yan ƙwarin nan masu tsotse ganye. Ƙafafunsa shida masu gashi-gashi ba don tafiya aka yi su ba, kamar kwando suke haɗuwa su kama abinci su miƙa baki.

To amma wannan da muke gani yana tashi ƙarshen labarin ne fa. Mafi yawan rayuwarsa a ƙarƙashin ruwa yake yinta, inda ba mai ganinsa.

Macen tana da wani abu mai kaifi a ƙarshen cikinta, da shi take tsaga jikin ciyawa ko ganyen da ke yawo a kan ruwa ta cusa ƙwai ɗaya bayan ɗaya a ciki. Ba a kan ruwa take zubar da su ba, sai a cikin naman tsiro, kuma ku riƙe wannan don shi ne ginshiƙin duk maganar da zan yi a gaba. Bayan kamar mako ɗaya zuwa biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da zai fito bai yi kama da uwarsa ba ko kaɗan: wani ɗan siririn abu ne mai launin ƙasa-ƙasa ko kore-kore, mai ƙafa shida, ba fukafukai, sai wasu abubuwa guda uku kamar ganye a jelarsa. Da waɗannan ganyayyakin yake taimaka wa kansa wajen shaƙar iskar da ke narke cikin ruwa, da su kuma yake kaɗa jiki ya yi iyo kamar kifi. In maƙiyi ya cafke shi ta nan yana iya sakin su ya tsere, daga baya in ya yi saɓa su sake tsirowa, kamar dai yadda ƙadangare ke barin jela a hannun yaro.

Abin da ya fi ba ni mamaki a jikinsa shi ne leɓensa na ƙasa. Dogo ne mai gwiwa, a naɗe yake ƙarƙashin fuska, da ƙugiyoyi a baki. Zai lafe a jikin kara ba motsi, tsutsar sauro ko wani ƙaramin ƙwaron ruwa ya zo wucewa, kafin ƙiftawar ido leɓen ya harba gaba ya kamo ya dawo da shi baki. Duk dangin mazari manya da ƙanana suna da wannan, kuma ba wani ƙwaro da ke da irinsa sai su. Haka zai yi ta ci yana girma, fata ta matse shi ya saɓe ta, ya sake, wajen sau goma ko sama da haka. Tsawon lokacin ya danganta da ɗumin ruwa da yawan abinci, a ƙasa mai zafi irin tamu abin yana sauri har a samu zuri'a fiye da ɗaya a shekara guda, a inda ake sanyi sosai kuwa kamar Japan a cikin ruwan yake zama ya ƙare hunturu yana jiran ɗumi.

Ranar fita, sai ya kama wani kara da ya leƙo saman ruwa ya hau, ya maƙale, bayansa ya tsage, sabon mazari ya zaro kansa a hankali. A lokacin jikinsa laushi ne, launinsa fari-fari, fukafukan a cukurkuɗe, sai ya tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyinsu su miƙe su bushe. Wannan ɗan lokacin shi ne mafi hatsari a rayuwarsa don ko tururuwa na iya gamawa da shi, balle kwaɗo ko tsuntsu. In ka duba karan ciyawar bakin ruwa da sassafe za ka iya ganin ɓawon da ya bari, a bushe, ƙafafu shida na riƙe da karan yadda ya bar su, da tsaga a baya. Na taɓa ɗauko ɗaya na ɗora a tafin hannu, ko nauyi babu, iska ta zo ta tafi da shi. Bayan ya fito kuwa kwanakinsa ba su da yawa, 'yan makonni ne in ya daɗe, aikinsa ci da neman haihuwa.

Nan ne kuma labarin ya fi rikitarwa, don barbarar mazari ba ta kama da ta kowace dabba da muka saba gani. Namiji yana samar da maniyyinsa ne a can ƙarshen ciki, gaɓa ta 9, amma abin da yake saduwa da mace da shi yana can gaba kusa da ƙirji, a gaɓa ta 2 da ta 3. Don haka kafin komai sai ya lanƙwasa cikinsa ya ɗura wa kansa maniyyin a wancan wurin na gaba. Sannan ya kama macen ta wuya da 'yan ƙugiyoyin jelarsa, ita kuma in ta yarda ta lanƙwaso nata cikin ta ƙasa ta haɗa da nasa. Shi ne za ka gansu su biyu sun yi wani zobe mai kama da hoton zuciya. A irin wannan ƙaramin, zaman yana ɗaukar awanni, ba mintuna ba, kuma akwai dalili. A 1979 wani masani a Amurka, Jonathan Waage, ya nuna a wani nau'in siririn mazari cewa namiji yakan fara ne da kwashe maniyyin wanda ya riga shi daga jikin macen kafin ya zuba nasa, daga baya aka gano abin ya yaɗu a dangin. Sannan dogon riƙon kansa gadi ne, muddin tana hannunsa wani namijin ba zai same ta ba.

Yanzu ku dubi abin ta ɓangaren macen. Ita saduwa kaɗan ta ishe ta, tana iya ajiye maniyyi a jikinta ta yi ta amfani da shi. Abin da take buƙata bayan nan lokaci ne, ta ci ta ƙoshi, ta samu natsuwa ta dasa ƙwai, kuma a wannan nau'in ita kaɗai take zuwa dasa ƙwan, namiji ba ya raka ta kamar yadda ake gani a wasu. Amma bakin ruwan cike yake da maza, kowanne ya ganta sai ya kawo farmaki. Duk awar da ta ɓata tana guje-guje ko tana riƙe a hannun wani, ƙwai ne ta yi asara.

Shi ya sa matan suka zo iri biyu, kuma gado ne, ba abinci ko wuri ke sa shi ba. Kashi ɗaya launinsu daban da na maza: suna ƙanana ƙirjinsu ruwan goro ne mai kyau, in sun manyanta ya rine ya koma kore mai duhu ko ruwan ƙasa. Mutane da yawa in sun ga mai ruwan goron nan sai su ɗauka wani ƙwaro ne daban. Kashi na biyu kuwa sak maza, har da ɗigon shuɗin nan na jela. Tambayar da ta daɗe tana cin masana ita ce, in kama da namiji kariya ce, me ya hana duk matan su koma haka? In kuma ba ta da amfani me ya hana ta ɓacewa? Masu bincike a Japan, musamman Yuma Takahashi da abokan aikinsa, sun yi aiki sosai a kan wannan nau'in namu, kuma abin da suka nuna shi ne mazan sun fi bin launin da suka fi saba cin karo da shi. Wato in masu ruwan goro suka yi yawa a tafki su za su sha matsi, masu kama da maza su samu sarari su zuba ƙwai da yawa, 'ya'yansu su yi yawa a zuri'a ta gaba, daga nan kuma idon maza ya juyo kansu, sai ɗayan kashin ya samu sauƙi. Wanda ya yi ƙaranci shi ke cin riba, don haka ba wanda ke iya shafe wani. Ni dai wannan ya tsaya mini a rai matuƙa, a ce duk wannan lissafin yana gudana a cikin ciyawar da bai fi taku biyu ba, a bayan gida, kusa da inda ake zubar da shara. Subhanallah.

Akwai ma wani ɗan uwansa na jini, Ischnura hastata, wanda a tsibiran Azores na ƙasar Fotugal duk mata ne, ba namiji ko ɗaya, ƙwansu yana ƙyanƙyashewa ba tare da barbara ba, alhali a Amurka inda asalinsu yake maza da mata ne kamar kowa.

Mu dawo kan mazauni, don nan ne nake ganin ake yawan kuskure. Za ka ji ana cewa duk inda ka ga mazari ruwan wurin mai tsabta ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya amma ba a kan kowane mazari ba. Akwai nau'o'in da ba sa rayuwa sai a ƙorama mai gudu, mai inuwar itatuwa, mai ruwa garai-garai, waɗannan da an sare itatuwan ko an gurɓata ruwan shi kenan sun tafi. Namu ba haka yake ba. Yana jure ruwan da ya tsaya, ruwan da dabbobi suka dama, ruwan da ya yi kore da gansakuka, har da mai ɗan gishiri-gishiri. Yana cikin na farko-farkon da ke sauka a sabon rami in ruwa ya taru ciyawa ta fito, don duk da rashin ƙarfin tashinsa iska tana ɗaukarsa ta kai shi nesa. Don haka ganinsa ba shaidar tsabta ba ce. Abin dubawa shi ne su waye tare da shi. In ka je tafki ka ga iri-iri, ja, shuɗi, manya, ƙanana, to wurin da sauran lafiya. In kuwa ka duba ka duba ba kowa sai shi, to wataƙila sauran ne suka kasa jurewa suka bar masa wurin.

Abu ɗaya ne ba ya iya rayuwa babu shi, ciyawar bakin ruwa. A cikinta aka dasa ƙwansa, a jikin saiwarta da karanta ya ɓuya daga kifi yana ƙarami, a kanta ya hau ya fito, a cikinta yake farauta, a cikinta yake kwana. Tafkin da shanu suka tattake bakinsa ya zama taɓo zalla, ko wanda aka zagaye da siminti, ko magudanar da aka fesa wa maganin ciyawa ta ƙone ƙurmus, ko da ruwa ya cika shi maƙil ba gida ba ne a wurinsa. Ba wai kuma ciyawa ta shaƙe ko'ina ba, yana son rana da ɗan buɗaɗɗen ruwa a tsakani. Duk wanda ya san dausayin Haɗeja da Nguru ya san yadda ciyawar kachala ta mamaye hanyoyin ruwa bayan dam ɗin Tiga da na Challawa sun sauya yadda ambaliya ke zuwa da komawa, har masunta da manoma suke kuka da ita. Wurin da ya toshe haka ruf ba ya yi wa kifi daɗi, ba ya yi wa yawancin ƙwarin ruwa daɗi.

Sai maganar sauro, wadda na san ita ce za ta fi zuwa ran mutane. Eh, yana cin sauro, yana ƙarami yana cin tsutsarsa a ruwa, ya girma yana tsintar manyan a ciyawa. An ma taɓa gwadawa a birnin Yangon na ƙasar Myanmar, aka riƙa saka 'ya'yan babban mazari a cikin mazuban ruwa na gidaje, kuma sauron da ke kawo zazzaɓin dengue ya ragu sosai a unguwar. Amma kada mu ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Wancan a cikin randa da tanki ne inda tsutsa ba ta da wurin gudu. Sauron da ke ba mu maleriya ya fi son 'yan ƙananan ruwaye na ɗan lokaci da rana ke duka, sawun kofaton shanu, sawun taya, ramin da aka ɗebi ƙasar bulo, wuraren da kan bushe kafin wani mai cin tsutsar sauro ya zauna a ciki. Mai damunmu da kuka da daddare kuma a kwata mai ɗoyi yake haihuwa, inda ko shi wannan jarumin ba ya iya zama. Don haka mazari ba zai maye gurbin gidan sauro da gyaran kwata ba. Abin da dai ke akwai shi ne, tsohon kududdufi mai ciyawa da kifi da kwaɗi da mazari yana da masu gadinsa, in aka watsa masa maganin ƙwari kuwa masu gadin ne ke daɗewa ba su farfaɗo ba, sauro cikin kwana goma ya sake zuri'a.

Shi ma fa abinci ne. Kifi da kwaɗi na cinsa a ruwa, gizo-gizo na kama shi a saƙarsa, tsuntsaye na cafke shi, babban mazari ma ba ya ƙyale shi. In ka samu ka kalli ɗaya kusa-kusa wani lokaci za ka ga 'yan ƙwayoyi ja-ja ko ruwan ƙasa a manne ƙarƙashin ƙirjinsa kamar an zuba gero. Ba ƙwansa ba ne, wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa ne dangin kaska, suna hawa jikinsa lokacin da yake fitowa daga ɓawo, su tsotse shi, in ya dawo bakin ruwa su sauka.

A ƙarshen 2021 ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta fitar da nazarin da ta yi wa nau'in mazari 6,016 na duniya, manya da sirara, ta ce kashi 16 cikin 100 na cikin hatsarin ɓacewa, kuma babban dalili shi ne lalacewar fadamu, dausayi da koguna. Namu ba ya cikin waɗanda ake jin tsoro a kansu, yana jerin masu yawa. Amma wannan lissafin duniya ne, a unguwa lissafin daban yake. Mutanen Kano sun san kududdufai nawa aka cike da shara aka yi gini a kai a 'yan shekarun nan, kuma sun san inda ruwan sama yake komawa in ya rasa wurin zama, cikin gidajen mutane. Na bayan gidanmu ma yanzu saura kamar rabi, ana ta turo shara daga gefen gabas. A gefen yamma inda kainuwa da 'yar ciyawa suka rage, damina ta bana na je na durƙusa na ƙirga maza bakwai masu ɗigon shuɗi, da mace ɗaya mai ruwan goro tana kan wani ganye da ke yawo, ta lanƙwasa ciki tana dasa ƙwai, ledar ruwan sha na gefenta.